Yadda za ka sauka daga jirgin cikin gida ka kama na ƙasar waje ba tare da ya tafi ya bar ka ba

Filin jirgin saman Malam Aminu Kano shi ne mafi daɗewa a Najeriya, tun 1936 jirage ke sauka da tashi a cikinsa, amma har yau ba ko'ina ake zuwa kai tsaye daga Kano ba. Mai zuwa Jidda ko Alƙahira ko Addis Ababa yakan sami jirgi a nan gida. Mai son jirgin da ke zuwa Landan ko Faris kai tsaye kuwa, ko wanda ejan ya samo masa tikiti mai rangwame da ke tashi daga wani gari, sai ya fara hawa jirgin cikin gida zuwa Abuja ko Legas, ya sauka, ya sake hawa wani. Tsakanin wannan sauka da wancan hawa ne 'yan kasuwar Kwari masu zuwa Sin, da ɗalibai, da masu kai marasa lafiya Indiya suke asarar tikitin da suka saya da miliyoyi. Yawanci ba gudu ne ya gaza musu a filin jirgi ba. Tun ranar sayen tikiti aka yi kuskuren lissafi.

Tun a ofishin ejan

Tambaya ta farko da za ka yi wa mai sayar maka da tikiti ita ce: tafiyar nan tikiti ɗaya ce ko biyu? Kada ka yarda da “ai duk na haɗa maka, Alhaji.” Ka karɓi takardar ka duba da idonka. Kowane tikiti yana da lambar rajista mai harufa da alƙaluma shida. Idan Kano zuwa Abuja da Abuja zuwa waje duk suna ƙarƙashin lamba ɗaya, tikitinka ɗaya ne, kuma idan jirgin farko ya makara, nauyin sama maka wani jirgin yana wuyan kamfani. Idan lambobi biyu ka gani daban-daban, to kwangila biyu ka ƙulla da kamfanoni biyu da ba ruwan ɗaya da ɗaya. Jirgin cikin gida ya makara awa uku, na waje ya tashi, ba wanda ke da haƙƙin biyanka. Kamfanin waje zai rubuta ka a matsayin wanda bai zo ba, kuma a ƙa'idar yawancin kamfanoni, da zarar an rubuta ka haka, sauran tafiyar da ke cikin tikitin, har da ta dawowa, tana iya sokewa.

Gaskiyar magana, mafi yawan masu tashi daga Kano su kama jirgi a Abuja ko Legas tikiti biyu suke riƙe da shi, domin kamfanonin cikin gida kaɗan ne ke da yarjejeniyar miƙa fasinja da kaya ga kamfanonin waje. Saboda haka duk abin da zai biyo baya na rubuta shi ne da zaton kai ne ke ɗauke da hatsarin.

Lissafin da ya kamata a yi

Mutane suna duba lokacin saukar jirgin farko da lokacin tashin na biyu, su ga awa uku a tsakani, su ce ai da sauran lokaci. Ba haka ake lissafin ba. Lokacin da ke gabanka ba na tashin jirgi ba ne, na rufe kantar awon kaya ne. Yawancin kamfanonin waje suna rufe kanta awa ɗaya kafin tashi, kuma idan na'ura ta rufe, ma'aikacin da ke zaune ba shi da ikon buɗe ta ko da kuwa ɗan'uwanka ne.

A ɗauka jirginka na waje zai tashi daga Abuja ƙarfe 2 na rana. Kanta za ta rufe ƙarfe 1. Tafiya daga Kano zuwa Abuja kamar awa ɗaya ce a sama. Idan jirgin Kano ya sauka 11 daidai, kafin ya tsaya, a kawo matakala, a buɗe ƙofa, ka shiga ɗakin karɓar kaya, kwata ta tafi. Jiran akwati ya kan ci rabin awa, wani lokaci fiye. Ga tafiya zuwa ɓangaren ƙasashen waje, ga layin binciken kaya a bakin ƙofa, ga layin kanta. Ka ga awa ukun nan da ka gani a takarda, abin da ya rage maka na sarari bai fi minti talatin ba, kuma wannan idan jirgin Kano ya tashi a kan lokaci ke nan, abin da ba wanda zai rantse maka a kai.

A ganina, mai tikiti biyu kada ya bar ƙasa da awa biyar a Abuja, a Legas kuma awa shida zuwa bakwai. Kuma ya ɗauki jirgin farko na safe daga Kano. Dalili shi ne jirgi ɗaya ke zagaya garuruwa da yawa a yini. Makarar da ya yi da safe a wani gari tana bin sa tana ƙaruwa, kafin la'asar ta zama awanni. Na safe galibi shi ne ya fi tashi a kan kari, kuma idan aka soke shi kana da sauran yini ka nemi wani.

Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa, lokacin hunturu, na fi son mutum ya manta da batun haɗa tafiya a rana ɗaya. Hazo idan ya sauko Kano, matuƙi ba ya ganin titin sauka, jirgin da zai ɗauke ka ma ba zai iya zuwa ba, balle ya tashi da kai. Ka tafi ana gobe tafiya, ka kwana a gidan ɗan'uwa ko otal kusa da filin jirgi. Kuɗin ɗaki na dare ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin goma na sabon tikiti ba. Haka ma daf da sallah ƙarama da babba, da lokacin jigilar alhazai, lokacin da kujeru ke wuya, wanda jirgi ya bari ba ya samun wani da sauƙi.

Ka duba kwanan wata da kyau idan jirginka na tsakar dare ne. Tikitin da aka rubuta 00:30 ranar Talata, ranar Litinin da dare za ka kasance a filin jirgi. Mutane da yawa sun zo ranar Talata da dare sun tarar jirginsu ya yi kusan kwana da tafiya. Kuma kowane lokaci da ke kan tikiti agogon garin da ake magana a kai ne: Saudiyya da Ƙatar da Habasha suna gaban Najeriya da awa biyu, Dubai da awa uku.

Kaya su ne ke cin lokaci

Mai jakar hannu kaɗai ya sauka ya wuce. Mai akwati huɗu da Ghana-must-go biyu shi ne ke tsaye yana kallon bel yana juyawa babu kayansa. Idan tafiyar kasuwanci ce da za ka je hannu sake ka dawo da kaya, ka tafi da jakar hannu kawai. Ka rage wa kanka kusan awa guda.

Idan dole ne ka tafi da akwati, ka san cewa awon jirgin cikin gida da na waje ba ɗaya ba ne. Kamfanin waje yakan ba ka akwati biyu, kowanne kilo 23. Na cikin gida galibi akwati ɗaya yake yafewa, saura sai ka biya kuɗin ƙari, kuma biyan nan layi ne daban a wata kanta daban. Ka auna kayanka a gida, ka tanadi kuɗin ƙarin tun kafin ka fito, a kati da kuma a hannu, saboda sabis yakan ɗauke a daidai lokacin da ake buƙatarsa. Ka ɗaura wa akwatinka wani ƙyalle mai launi a hannu, domin baƙaƙen akwatuna duk kamarsu ɗaya a kan bel.

Abin da ke jawo a buɗe kaya shi ma ya kamata a rage shi. Kilishi, da daddawa, da kuka, da yaji, da man shanu, duk abubuwa ne da ke sa jami'i ya ce a sauke a kwance. Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai da Amurka ba sa barin fasinja ya shiga musu da nama daga nan, don haka kilishin da Hajiya ta ƙulle maka ka kai wa yara, ko ya tsallake Abuja ba zai tsallake can ba. Goro haramtacce ne a shiga da shi Saudiyya, hukumar alhazai ba ta gajiya da faɗa. Idan akwai abincin da aka yarda da shi, ka tara shi wuri ɗaya a saman akwati cikin leda mai nuna abin da ke ciki, yadda za a duba a rufe ba sai an zazzage maka tufafi a kan tebur ba. Fawa bank a jakar hannu yake tafiya, ba a cikin akwati ba. Turare da man shafawa da duk wani abu mai ruwa da ya wuce mililita 100 kuma akwati za su shiga, in ba haka ba a bakin na'ura za ka bar su.

Saƙon wani kuwa, ko na maƙwabci ne, ko na wanda ya tare ka a filin jirgi yana cewa “don Allah ɗan'uwa, magani ne zan aika wa mahaifiyata,” kada ka karɓa sai ka buɗe ka gani, wanda ba ka sani ba ma kada ka saurare shi.

Ana gobe tafiya

Ka shiga shafin kamfanin jirgin waje ko manhajarsu ka yi rajistar shiga tun daga gida. Yawancinsu suna buɗewa kwana ɗaya ko biyu kafin tashi. Wannan ba ya ɗauke maka zuwa kanta, domin sai sun ga fasfo da biza da idonsu, amma yana nuna musu kana tafe, ya riƙe maka kujera, kuma sau da yawa layin masu ajiye kaya kawai ya fi gajarta. Ka yi haka ma ga jirgin cikin gida, ka zaɓi kujera ta gaba kusa da hanya. Wanda ke layi na biyar yana riga wanda ke layi na ashirin da biyar fita da kusan minti goma.

Takardu su zauna a ƙaramar jaka ɗaya da ba ta rabuwa da jikinka: fasfo wanda ya rage masa aƙalla wata shida, biza a buge a takarda, tikitin zuwa da na dawowa, adireshin masauki, katin allurar shawara, ga mai zuwa Umara ko Hajji kuma shaidar allurar sanƙarau. Kada ka dogara da waya kaɗai; caji yana ƙarewa. Wanda ke ɗauke da kuɗin waje da suka haura dala 10,000 dole ya bayyana wa kwastam, kuma cike takardar yana ɗaukar lokaci, sai a saka shi cikin lissafi.

Da yamma ka kira kamfanin cikin gida ko ka duba saƙonninka, domin sauya lokaci da saƙon waya cikin dare abu ne da aka saba.

Safiyar tafiya a Kano

Ka isa filin jirgi awa biyu kafin tashi. Mai fitowa daga Kabuga ko Hotoro ko Zoo Road ya san abin da cunkoson Fagge da Sabon Gari ke yi wa mutum idan gari ya waye sosai, don haka a fito da wuri. Ka faɗa wa direba ɓangaren cikin gida za ka, domin ginin jiragen cikin gida daban ne da na ƙasashen waje. Masu rakiya a yi sallama da su a mota; addu'ar bakin ƙofa da hotuna suna cinye kwata ba a ankara ba.

A kanta ka yi magana tun ba a tambaye ka ba. Ka miƙa katin shaida tare da tikitin waje, ka ce: “Ranki ya daɗe, ina da jirgin waje a Abuja ƙarfe biyu. Don Allah a taimaka a sa wa kayana alamar fitowa da wuri.” Ba dole ne ta yi ba, amma sau da yawa ana yi wa mai ladabi. Idan ta liƙa takarda a jikin akwati, ka karanta harufan da ke kai: ABV Abuja ke nan, LOS Legas. Sannan ka ƙirga 'yan ƙananan takardun da ta manna maka a bayan takardar shiga jirgi. Akwati biyu ka bayar, takarda biyu za ka gani. Idan ka ga uku, kada ka matsa daga wurin sai an warware, domin an sha jin labarin bayin Allah da aka rataya wa sunansu kayan da ba su san da su ba, suka je suka faɗa hannun hukuma a wata ƙasa.

Idan aka sanar da jinkiri, kada ka zauna kana jiran ikon Allah kawai. Ka sa wa kanka iyaka: idan ƙarfe kaza ta yi ba mu tashi ba, lissafi ya rushe. Kafin iyakar ta cika ka leƙa kantocin sauran kamfanoni ka ji ko akwai kujera a jirgin da ke shirin tashi. Sayen sabon tikitin Abuja yana da ciwo, amma ya fi asarar na waje sauƙi. Idan ka tabbatar ba za ka isa ba, ka kira ejan ko kamfanin waje kafin jirginsu ya tashi a ɗage maka tafiyar. Kuɗin sauya rana kafin tashi kusan kullum ya fi tarar wanda bai zo ba sauƙi. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, tana da jami'an kare haƙƙin fasinja a manyan filayen jirgi, ka kai ƙorafin jinkirin gare su, amma ka sani ƙorafi ba zai tsayar da jirgin da ke jiranka a wani gari ba.

Da an sauka

A cikin jirgi, kafin a fara saukowa, ka gaya wa ma'aikaciya halin da kake ciki; wani lokaci sukan bar masu sauri su fara fita. Ka shiga banɗaki tun a sama. Idan ku biyu ne ko fiye, ku raba aiki: ɗaya ya tsaya a bel da keken tura kaya, ɗaya ya wuce ya kama layi a kantar waje, sai dai kowa ya riƙe fasfonsa, domin ba a yi wa mutum rajista a bayan idonsa.

A Abuja abin da sauƙi. Ɓangaren cikin gida da sabon ginin ƙasashen waje da aka buɗe a Disambar 2018 suna harabar guda, da ƙafa ake zuwa ana tura kaya. Kada ka bari mai tasi ya ce zai kai ka. Legas ce mai wuya. Jiragen cikin gida suna sauka ne a ɗaya daga cikin tashoshi biyu, MMA2 ko GAT, ta ɓangaren Ikeja, ginin ƙasashen waje kuma yana can wani gefen, sai an hau mota an fita titi an shiga cunkoson gari. Tafiyar da ba ta wuce kwata ba idan hanya a buɗe take tana iya cin awa guda da yamma ko in an yi ruwa. Ka kira mota ta manhaja tun kana jiran kaya, ko ka ɗauki tasin filin jirgi ku gama ciniki kafin a sa akwati a but. Ka kuma tabbatar wane gini kamfaninka ke amfani da shi, domin akwai tsoho akwai sabo.

Masu cewa “Alhaji kawo fasfo in shigar da kai ta ciki” ka bar su da sannu. Fasfonka ba ya barin hannunka sai ga jami'in da ke zaune a kantarsa. Idan layi ya yi tsawo kuma lokaci ya ƙure, ka nemi ma'aikacin kamfanin jirgin mai rataye da katin aiki, ka nuna masa tikiti ka ce kanta na dab da rufewa. Aikinsu ne su tsamo irinku daga layi, kuma su ma ba sa son barin fasinja.

Bayan kanta sauran matakai uku: jami'an shige da fice su buga tambari, binciken jiki da jakar hannu, sai ƙofar shiga jirgi. Kana cikin layi ka cire agogo da bel da waya da makullai ka zuba a aljihun jaka, kwamfuta kuma ka fito da ita a hannu. Babbar riga mai aiki da tarin aljihu ba kayan wannan rana ba ce; kaftani mara nauyi da takalmi mai saurin cirewa sun fi. Kada ka tsaya canjin kuɗi ko sayen tsaraba sai ka ga lambar ƙofarka da idonka, domin ana rufe ta kamar minti ashirin kafin tashi, ko da kayanka suna ciki. Sauke su za a yi.

Batun salla, matafiyi yana da sauƙin da shari'a ta ba shi na ƙasaru da haɗa Azahar da La'asar, ko Magariba da Isha. Ka tsara tun da wuri inda za ka yi, ko a Kano kafin tashi in lokaci ya shiga, ko bayan ka wuce bincike ka ga ƙofarka. Fita neman masallaci alhali kanta ba ta karɓi kayanka ba shi ne abin da ba na ba da shawara.

Idan kayan ba su fito ba

Nan ne mutum ke rikicewa. Bel ya tsaya, akwati ɗaya babu, saura minti arba'in a rufe kanta. Ka je teburin kamfanin da ke cikin ɗakin kayan nan take, ka nuna 'yar takardar akwatin, a cike maka takardar ɓatan kaya, ka ɗauki hotonta, ka ba da lambar wani ɗan'uwa da zai karɓa a madadinka. Sannan ka wuce. Akwati yana iya biyo ka ta hannun wani matafiyi ko ta kamfanin aika kaya. Shi ya sa magani, da takardun asibiti ko na makaranta, da tufafi na kwana biyu suke zama a jakar hannu tun daga Kano.

Dawowa

Idan ka sauka Abuja ko Legas daga waje, a nan za ka yi shige da fice, ka karɓi kayanka duka, ka bi ta kwastam, sannan ka koma ɓangaren cikin gida ka sake awo kamar sabon matafiyi. Babban jirgi yana sauke mutum ɗari biyu ko uku a lokaci guda, kaya kuma sukan daɗe, musamman na 'yan kasuwa masu katan-katan. Ka bar awa huɗu a Abuja, biyar ko shida a Legas, kuma kada ka sayi jirgin Kano na ƙarshe a ranar in akwai wanda ya riga shi. Wanda ya dawo daga Umara ya tambayi kamfanin cikin gida tun da wuri yadda suke lissafa jarkar zamzam mai lita biyar, domin kyautar da jirgin Saudiyya ya yi maka ta ɗaukar ta ba ta hau kan jirgin Kano ba, a kan sikeli za su ɗora ta tare da sauran kaya.